Kashin Tsuntsu A Jikin Mota: Kada Mu Bar Jaki Mu Doki Taiki

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Marwa zuwa Bogo, ya ratsa Girbidik ya shiga Maga, ko ya zarce Pus ranar Talata domin cin kasuwa a bakin kogin Logon, ya san abu biyu da ke kai mu wannan yanki, wato shinkafa da kifi. Amma akwai abu na uku da ba ma zuwa nemansa, shi ne ke biyo mu har gida a saman mota, wato kashin tsuntsu. Mun san wasu za su yi dariya su ce yau kuma an rasa abin tattaunawa sai wannan. To, a bari a huce tukuna, domin wanda ya taɓa kai motarsa wurin dillali, ya ga yadda aka shafa rufinta da tafin hannu aka ɓata fuska aka zabge masa kuɗi, ya san maganar ba ta dariya ba ce.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ɓarnar da muke ɗora wa tsuntsu, mafi yawanta daga jinkirinmu take da kuma busasshen tsumman da muke kankara da shi. Wanda ya gane haka zai tsare fentin motarsa da abin da bai kai kuɗin shayin safe ba. Wanda bai gane ba kuwa, shi ne za ka ga ya ɗauko gatari ya nufi bishiyar ƙofar shago, ko ya nemo guba ya barbaɗa wa hatsi, ya yi asarar inuwa, ya jawo wa maƙwabta masifa, sannan fentin bai tsira ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a Maga. A shekarar 1979 aka gina madatsar ruwan Maga, doguwar ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 27 daga Girbidik zuwa Pus, domin tara ruwan da kamfanin SEMRY, wanda aka kafa a 1971, ke shayar da gonakin shinkafa da shi. Inda aka tara ruwa aka tara kifi, aka shimfiɗa dubban hekta na shinkafa, ai an buɗe wa tsuntsu gidan biki ne. Daga arewa kuma ga fadamar Waza da Logon, wadda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2006. Balbela da zalɓe da kwasakwasa da kirinjijiya da dinya da gauraka duk nan ne gidansu. Da sanyi ya kama a Turai wasu tsuntsayen na ƙetaro Sahara su zo su yi watanni a nan, da damina ta gabato kuma shamuwa ta iso ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari. Haka abin yake a Garwa, inda kogin Binuwai da tafkin Lagdo, wanda aka kammala madatsarsa a 1982, ke tara nasu. Ke nan maganar a rabu da tsuntsu a wannan ƙasa ba ta taso ba. Kafin a kawo mota ta farko suna nan, kuma ruwan da ke ciyar da su shi ne ke ciyar da kasuwancinmu.

To, me ke cikin wannan ɗan abu da har yake cin fenti? Tsuntsu ba ya fitsari dabam kamar akuya ko saniya. Fitsarinsa da kashinsa ta ƙofa ɗaya suke fita, farin nan da muke gani shi ne fitsarin, baƙin da ke tsakiya kuma shi ne kashin. Jikin tsuntsu na sarrafa dattinsa ya zama wani sinadari da masana ke kira yurik asid, wanda ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi, shi ya sa za ka ga an tafka ruwan sama an ɗauke, farin yana nan daram a kan mota. Masu cewa a bari ruwan sama ya wanke, sai su lura da wannan. Bugu da ƙari, tsuntsaye masu cin hatsi irin su tattabara da kurciya suna haɗiyar tsakuwa da yashi domin niƙa abinci a cikin ƙundu, ragowar kuma tana fitowa tare da kashin. Masu cin kifi na fitar da ɓurɓushin ƙaya da ɓawo. Jemage kuma, ko da yake ba tsuntsu ba ne, idan 'ya'yan darbejiya da mangwaro suka nuna yakan kwana yana zubo nasa mai danƙo da launi. Saboda haka abin da ke kan motarka haɗi ne na sinadari mai ci da kuma yashi mai karta.

Ga wanda ke shakkar ƙarfinsa, ya tambayi majema. A birnin Fas na ƙasar Maroko, har gobe da kashin tattabara ake jiƙa fata domin ta yi laushi kafin a rina ta. Manoman albasa kuma sun san idan kashin kaji ya yi wa shuka yawa ƙona ta yake yi. Abin da ke tausasa fatar sa, yana ƙona ganye, ina ga ɗan shafin da ke jikin ƙarfe?

Shi kuwa fentin mota, da yawanmu na ɗaukarsa abu mai kauri, alhali ba haka ba ne. A motocin zamani hawa huɗu ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, sai na biyu mai daidaita jiki, sai mai launi, sannan fatar sama marar launi mai kama da gilashi, wadda ita ce ke ba mota sheƙi tana kuma kare launin daga rana. Duka huɗun idan aka haɗa, kaurinsu kaɗan ya ɗara na takardar rubutu guda ɗaya, fatar saman ita kaɗai kuwa ba ta kai kaurin takardar ba. Wasu tsofaffin motoci da wasu fararen motocin aiki ba su ma da wannan fata, launin ne kai tsaye a waje, shi ya sa idan sun tsufa kana shafawa farin gari ke biyo hannunka. A kan wannan ɗan siririn abu muke ɗora farce da mabuɗi muna kankara.

Sai kuma rana, wadda ita ce uwa uba. A 2011 kamfanin Autoglym na Ingila, mai yin kayan gyaran fenti, ya bayyana sakamakon gwajin da ya yi, inda ya nuna cewa idan rana ta doki mota fatar saman na yin laushi tana ɗan buɗewa, a daidai lokacin da kashin ke bushewa yana ƙanƙancewa. Da dare ya yi aka samu sanyi sai fatar ta koma ta tsuke, ta ɗauki siffar busasshen kashin kamar yadda ɗanyen yumɓu ke ɗaukar sawun kaza. Ko an wanke daga baya, tabon na nan, domin fuskar fentin ce ta canja. Kamfanin Ford ma ya sanar a 2020 cewa yana harhaɗa kashin tsuntsu na roba a ɗakin gwaji, ya fesa a kan ƙarafan da aka yi wa fenti, ya gasa su a zafin digiri 40 da 50 da 60 domin ganin juriyarsu. Jama'a, a dubi waɗannan alkaluma. Zafin da suke kunna wa tanda a Turai domin gwaji, shi ne muke samu kyauta a Marwa da Garwa da Kusuri a watannin Maris da Afrilu, lokacin da iska kanta ke haura digiri 40, rufin baƙar mota da ke tsaye a rana kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Abin da zai ɗauki kwanaki yana aiki a ƙasar sanyi, a wurinmu tsakanin hantsi da la'asar ya gama.

Wani zai ce motarsa ta aiki ce ba ta ado ba, buhunan shanshera da kwandunan banda take ɗauka, kuma ramukan hanya sun fi tsuntsu cinta. Gaskiya ne ramuka na cin mota, amma ramuka ba a hannunmu gyaransu yake ba, wannan kuwa a hannunmu yake. Sannan fenti bai tsaya ga ado ba, shi ne rigar ƙarfe. Da fatar sama ta tsage, rana za ta shiga ta ci launin, fatar ta fara ɓarewa tana faɗaɗa kamar makero, daga nan raɓa da ruwan damina su isa ga ƙarfen. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rufin da ya fara tsatsa a wuri irin Maga mai damshin tafki da gonakin ruwa, ba ya daɗewa yake fara yoyo a kan fasinja da kaya.

Mu kuma dubi abin ta fuskar ciniki, tunda shi muka fi sani. Ga yawancinmu mota jari ce da aka ajiye. Ko ta tashar jiragen ruwa ta Duwala ta shigo, ko ta Kwatano ta ratso Najeriya, an biya kuɗin saye da na kwastan da na takardu, kuma ranar da kasuwa ta juya baya ita ake fara waiwaya a sayar a tayar da jari. Mai saye bai iya ganin cikin inji, amma yana ganin rufi da murfin gaba, kuma da su yake auna yadda aka riƙe sauran. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan ka bar tabon, za a rage maka kuɗi. Idan ka sake fenti domin ɓoye tabon, za a sake rage maka, domin da dillali ya ga sabon fenti a murfin gaba abin da zai fara zuwa ransa shi ne motar ta taɓa yin hatsari, kuma rantsuwarka ba za ta cire masa wannan zato ba. Ban da haka, fentin kamfani ana gasa shi ne a tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 140 tun kafin a ɗaura wa motar roba da waya da kujeru, abin da babu mai fentin da zai iya maimaitawa a gareji, balle wanda ke fesawa a fili ƙurar hunturu na sauka a kai. Fentin asali sau ɗaya ake samunsa a rayuwar mota. Wanda ya tsare shi ya tsare wani kaso na jarinsa.

To mene ne abin yi? Na farko, a iya zaɓen wurin tsayawa. Kafin ka kashe mota a ƙarƙashin bishiya, dubi ƙasa. Idan ka ga ta yi fari kamar an watsa farar ƙasa, to wannan makwancin balbela ne ko na wasu, ka matsa gaba. Bishiyar da ke da lafiya da tsakar rana ba lallai ta zama mai lafiya da dare ba, domin da magariba tsuntsaye ke dawowa, su kwana suna zubarwa har wayewar gari. Saboda haka a sha inuwa da rana, amma motar da za ta kwana a fitar da ita fili, tunda babu ranar da za a guje wa da dare. A kuma kiyayi ƙarƙashin wayoyin lantarki da fitilun titi da bakin rufin manyan shaguna inda tattabaru ke zama. Wuraren da ake shanyar shinkafa, da bakin injin casa, da inda ake gyaran kifi a bakin tafki, da kewayen mahauta inda shirwa da hankaka ke shawagi, duk wurare ne da ya kamata a sauke kaya ko a ɗora a matsa, kada a mai da su wurin ajiye mota na yini guda.

Na biyu, wanda shi ne ginshiƙin maganar, a cire shi tun yana ɗanye, kuma a cire shi da ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowace mota ta kasance da gorar ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi wanda ba a goge taya ko inji da shi, a ajiye shi cikin leda domin kada ya kwashi ƙura. Ko ledar ruwan sha guda ɗaya ta isa. Idan kashin bai bushe ba, a kwarara masa ruwa ya tafi da kansa. Idan ya bushe, a jiƙa tsumman sosai a shimfiɗa a kansa, a bar shi minti biyar zuwa goma, in da hali a inuwa, sannan a ɗago shi a hankali kamar mai ɗauke ƙwai, a sake zuba ruwa. In bai fita duka ba a maimaita da wani gefen tsumman mai tsabta. Abin da ba a so shi ne dirzawa, domin yashin da ke cikin kashin da ƙurar da ke kan motar su ne za su zama takardar gurza ƙarfe a ƙarƙashin hannunka. Mafi yawan zanen da muke gani zagaye da tabo, aikin hannun mai gogewa ne.

A nan dole mu yi magana da yaran mota da masu wankin mota, domin su ne hannunsu ke kan fentin kullum. Kada a kankare da farce ko mabuɗi ko reza ko soson ƙarfe. Kada a zuba fetur ko tina, man birki kuwa ko kusa kada ya zo, domin shi kansa yana ɓare fenti. Garin sabulun wanki an yi shi ne domin cire maiƙo daga tufafi, idan aka mai da shi abin wankin mota na kullum yana kwashe duk wani kakin da aka shafa domin kariya, ya bar fenti tsirara. Masu wanki a bakin tafki ko bakin kogi su riƙa barin ruwa ya kwanta a bokiti kafin su tsoma soso, kuma soson da ya faɗi ƙasa a ɗauraye shi sosai kafin ya koma jikin mota. Haka nan gilashin gaba, kada direba ya kunna abin share gilashi a kan busasshen kashi ba tare da ruwa ba, domin zai zana gilashin ya kuma cinye robar. Mai mota da ya tsaya ya koya wa yaronsa wannan cikin minti biyar, ya fi wanda zai zo yana zagin yaron bayan an yi ɓarna. Yaro bai san abin da ba a koya masa ba.

Na uku, rigakafi, wanda aka ce ya fi magani. Kakin goge mota, wanda mafi shahararsa ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya da ake kira karnuba a ƙasar Burazil, yana shimfiɗa wani siririn shafi tsakanin fenti da duk abin da zai faɗo. Ba ya hana ɓarna ɗungurungum, amma yana ba ka ƙarin lokaci, yana kuma sa kashin ya fita ba tare da gardama ba. A zafinmu ba ya daɗewa, don haka a riƙa sabunta shi, musamman kafin bazara da kuma bayan damina. Alamar ƙarewarsa ita ce idan ka watsa ruwa ya shimfiɗe a jikin motar maimakon ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya. Akwai kuma sababbin shafe-shafe masu tsada da ake tallatawa a manyan birane, waɗanda ake cewa suna shekaru, da wata leda marar launi da ake mannawa a murfin gaba. Mai hali ya yi, amma kada wani ya ruɗe ka cewa da ka shafa shi ke nan ka huta da wanki. Wanda kuma ya yi sabon fenti ya sani cewa yana ɗaukar makonni kafin ya gama ƙarfi, a wannan lokacin ya fi kowane lokaci saurin tabo, kuma ba a shafa masa kaki sai mai fentin ya ce ya isa.

Game da rufe mota da tampol ko rigar mota, a yi hattara. Idan aka rufa a kan motar da ke da ƙura, iskar hunturu ta yi ta kaɗa shi dare da rana, to gurzar da zai yi wa fentin ta fi ta tsuntsu. A rufe mota bayan an wanke ta, a ɗaure da kyau. Wanda ke da fili a gida ko a bayan shago, rumfar kwano ko ta zana da 'yan sanduna huɗu ta fi komai, domin ta tare rana ta tare tsuntsu a lokaci guda.

Idan tabon ya riga ya kama fa? Iri biyu ne. Akwai wanda ya tsaya a sama, wuri ya dusashe kawai amma farce ba ya jin rami, wannan mai gyaran fenti na iya goge shi da man gogewa ya dawo da sheƙinsa. Sai dai a sani kowace gogewa tana rage kaurin fatar saman ne, ba abin da za a yi ta yi kowane wata ba ne. Akwai kuma wanda ya yamutse ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, wannan ya wuce gogewa, sai dai a sake fesa wurin, kuma gara a yi da wuri kafin damina ta same shi a buɗe.

Kada mu manta da lafiyarmu da ta kayan da muke ɗauka. Kashin tsuntsu na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma a Marwa aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a ƙasar Kamaru a shekarar 2006, a jikin agwagi. Wanda ya goge ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya kai goro baki, kada kuma a hure busasshen da baki ko a kakkaɓe shi ƙurar ta shiga hanci. Masu a-kori-kura da ke ɗaukar banda da shinkafa da albasa su riƙa rufe kaya idan za a tsaya, domin mai saye a Mubi ko Njamena da ya ga fari a kan kwando zai ɗauka duk kayan haka suke.

Yanzu sai mu dawo kan masu gatari da masu guba. Wannan yanki ne da hamada ke matsowa, wanda saboda haka aka ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert tun shekarun 1970, aka kuma farfaɗo da shi a 2008. Darbejiyar da ta yi wa titunan Marwa da Garwa rumfa, wasu ne suka dasa suka yi ta ban ruwa shekara da shekaru, ba su san mu ba. Mutum ya sare bishiyar da ta shekara talatin domin tabon da ruwan leda ɗaya zai hana, ai wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Kuma da ya sare, motar za ta koma tsayawa a rana tsirara, ranar da ita ma ke cin fenti, tana fasa robar gaban direba, tana ƙona kujeru. Mai shayi da mai faci da 'yan dako da ke fakewa a wurin kuma sun rasa inuwa ba su ci ba ba su sha ba.

Guba kuwa ta fi muni. Hatsin da aka barbaɗa wa magani bai san tattabarar daji da kazar maƙwabci ba. Tsuntsun da ya ci ya je ya faɗa tafki ko magudanar gona, gubar ta koma cikin ruwan da muke kamun kifin da muke sayarwa. Wanda ya mutu a tudu kuma ungulu ko kare ya ci. Ungulun nan da a da ke cika kowace mahauta tana share mana mushe kyauta, yau sai a yi kasuwa a watse ba a ga ko ɗaya ba a wurare da yawa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin jerin masu dab da ƙarewa a 2015. Balbela na bin shanu da masu huɗa tana cinye fara da ƙwari, shamuwa ma haka, shi ya sa iyayenmu ba sa taɓa sheƙarta. Maganar jan-baki da ke afka wa shinkafa da dawa dabam take, wannan annoba ce ta gona da ke da hukumomin da ke yaƙi da ita, bai kamata a fake da ita a huce haushin mota a kan kowane mai fiffike ba.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan kasuwa da na tasha da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da ƙananan hukumomin da ke karɓar kuɗin tikiti a kowace ranar kasuwa. Tun da aka buɗe gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor a 2025, hanyar shiga Cadi ta wannan ɓangare ta ƙara sauƙi, kuma motocin da ke kwana a garuruwanmu ba raguwa za su yi ba. Ya kamata a ware wurin kwanan motoci nesa da makwancin tsuntsaye, a kafa rumfuna ko da na zana ne daga cikin kuɗin da ake tarawa, a ajiye randa ko tanki a tasha, a kuma hana zubar da hanjin kifi da ragowar mahauta kusa da inda motoci ke tsayawa, tunda abinci ne ke kiran tsuntsu. Ƙungiya ta tara masu wankin mota rana ɗaya, a kira ƙwararren mai fenti ya nuna musu abin da ake yi da wanda ba a yi. Duk wanda kuma ke son taɓa bishiyar kasuwa, a ce masa sai da izini, in reshe ne ya yi yawa a rage reshen a bar uwar.

Sauran aikin kuma na kowane mai mota ne shi da yaronsa. A zagaya mota da safe kafin rana ta ɗaga, a sake zagayawa da yamma kafin a kulle ta, da gorar ruwa a hannu ɗaya da tsumma mai laushi a ɗayan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kai mu kasuwa lafiya ya dawo da mu lafiya.